Lissafin Farce

Tainara, ajiye takardar shaidar nan ki zauna,
kujerar ba ta cizo.
Na ga abin da suka rubuta a bangon makarantarku:
wata shida, ki zama uwar ɗakin kanki.
To. Bari in ba ki lissafin da ba a mannawa a bango.

Hannu biyu, reyal talatin.
Hannu da ƙafa, hamsin, in ba a nemi ragi ba.
Rabi na Dona Edileuza ne, mai shago,
don rufin nata ne, da fanka, da madubi.
Auduga taki ce, man goge fenti naki,
kuɗin bas daga Ibura zuwa Boa Viagem naki,
ciwon baya ma naki,
shi kam babu mai raba shi biyu da ke.

Shekara ashirin da shida ina duƙe kan yatsun mutane.
Ta farce na san Recife:
matar lauya mai cizon nata in maigida ya yi dare,
ma'aikaciyar jinya mai so a yanke har ƙasa,
amarya mai rawar hannu, sai na riƙe da ƙarfi.
Ba ni da ofis, amma sirrin da ke kunnena
ya fi wanda limamin coci ke ji yawa.

Disamba ce kakar girbinmu.
Kowace na son farin kaya da sabon fenti
ta tari sabuwar shekara a bakin teku.
Ki ci abinci a tsaye, ki kwana da wari a hanci,
ki ƙirga kuɗi har yatsa ya gaji.
Amma ki ɓoye wasu.
Yuni na tafe da ruwa, kogin Capibaribe ya cika ya hau titi,
mu zauna mu huɗu muna gyara wa juna farce,
ido na kan ƙofa.

Kin ga benen da na ɗora kan gidan kakarki?
Kowane bulo ƙafar wata ce.
Matakalar, bukukuwan auren shekara uku.
Tagar nan da ba ta da gilashi har yau,
shekarar da wuyan hannuna ya yi mini yaji ke nan.

Don haka kada ki tsaya inda na tsaya.
Koyi gyaran gira, koyi dashen gashin ido,
awa ɗaya a can ta biya uku a nan.
Sayi littafi, rubuta sunan kowace mace,
launin da take so, sunan ɗanta,
da ranar da ta yi kuka a gabanki.
Shago kan rufe, littafin kuwa ya bi ki gida.
Bashi, ko ga 'yar uwa, sau ɗaya tak.

Akwai kuɗin da ban karɓa ba.
Dona Zuleide, duk Alhamis, shekara goma sha ɗaya,
ruwan hoda mai haske, ba ta taɓa sauyawa ba.
Ranar da ta rasu, 'yarta ta kira ni da asuba:
Mama ta ce kada a rufe akwatin sai kin zo.
Na je da jakata.
Hannun ya yi sanyi, bai yi rawa ba.
Na shafa sau biyu, kamar kullum,
na hura masa iska ya bushe,
don bakina bai san wata hanya ba.
'Yar ta miƙo takardar hamsin,
na mayar mata cikin tafi, na dunƙule.

Ban san a wane layi za ki rubuta wannan ba.

Tashi, ga ta ƙarfe uku nan ta shigo.
Ɗebo ruwan ɗumi, ki gwada da gwiwar hannu tukuna.
Yau ke za ki riƙe almakashin, ni kallo ne nawa,
in kuma ta ba da tukwici, sa a aljihu,
Edileuza ba ta da rabi a ciki.